Ragon Pindar da Takardar Haraji

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan unguwar Abbaganaram, liman da fasto da na gani kan benci ɗaya, malamanmu na lissafi, 'yan'uwana akantoci, ɗalibai masu shirin shiga jarrabawa, da kuma waɗanda ƙanshin nama ya kawo su ba tare da gayyata ba: wushe, sannunku, barkanmu da wannan rana.

Sunana Rhoda Wilson, akantar ƙungiyar adashin malaman makaranta. Na gode da aka miƙo mini makirfo, ko da yake ina ganin mai walimar, Ya Ba'ana, yana harara ta. Ya Ba'ana, ka yi haƙuri, na fi ka jiran wannan rana.

An ce in ba ɗalibai shawara kan jarrabawar ƙwararrun akantoci. Zan ba da, sai dai kowace shawarata tana ɗaure da igiyar wani rago, wanda yanzu haka yake cikin tukunya a bayan rumfar nan.

Shawara ta farko, kada ka yi karatu kai kaɗai. Mu huɗu muka fara: ni, da Ammatullahi, da Pindar oditan ƙaramar hukuma, da babbanmu Ya Ba'ana. Shi ya tara mu a barandar gidansa, domin a ofis an gaya masa in bai kawo satifiket ba, kujerarsa ta shugaban sashen kuɗi za ta koma hannun yaran da ya koya wa aiki. Lokacin Borno na cikin rikici, an hana babur, a ƙafa muke zuwa, mu ɗaga hannu a kowane shinge, a juya kalkuletarmu gaba da baya kamar za ta yi magana, mu watse kafin dokar hana fita. Wata rana Pindar ya dawo daga Konduga da ɗan rago, ya ce, "Wannan na walimarmu ne. Ba mai taɓa shi sai dukanmu mun ci jarrabawa. Kuma Ba'ana zai yanka da hannunsa, don Musulmi da Kirista mu sa hannu a kwano ɗaya." Aka kai ragon gidana a unguwar Bulabulin, wai ni ce mai fili. Sakamako ya fito: na ci, Ammatullahi ta ci, Pindar ya ci. Ya Ba'ana ya ci komai, sai takardar haraji ta riƙe masa riga.

Shawara ta biyu, karanta darasin da ka tsana, kada ka yi ta lallashin wanda kake so. Ya Ba'ana yana son darasin binciken kuɗi, yana rera shi kamar waƙa. Littafin haraji kuwa, uwargidansa ta ba ni labari, ƙarƙashin matashi yake ajiye shi, ko Allah zai sa ya shige ta kunne. Jarrabawa ta zo, ya faɗi. Ta sake zagayowa, ya sake faɗi. Shi yana faɗuwa, rago yana girma. Ƙaho ya nannaɗe, murya ta buɗe. Ya cinye zogalena, ya cinye shanyata, ya tauna rigar waƙar cocin mijina Justin, wanda don haushi ya raɗa masa suna Haraji. Ranar da unguwarmu ta yi zafi muka tashi zuwa gidan dangi, maƙwabta na ɗauke da katifa da tukwane, ni kuwa ina jan rago. Wani soja ya tambaye ni na wane ne, na ce na wani bawan Allah ne da bai ci jarrabawa ba tukuna. Ya dube ni da tausayi, ya ce in wuce.

Da aka katse layukan waya, gari duka ya shiga damuwa, amma Ya Ba'ana har ƙiba ya yi. A lissafinsa, tunda ba sabis ba sakamako, tunda ba sakamako bai faɗi ba. Da sabis ya dawo, haraji na nan yana jiran sa.

Shawara ta uku, a nan zan daina dariya kaɗan. Pindar ya tafi aiki Konduga wata safiya, bai dawo ba har yau. Ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba. Abin ya karya mu duka, amma ya fi karya Ya Ba'ana, ga shi ofis ya ce zaman jarrabawa ɗaya ya rage masa. Ya zo gidana da la'asar, ya ce ya haƙura, tsufa ya kama kansa, in yanka ragon a Kirsimeti yara su ci. Raina ya ɓaci, na shiga kicin na ɗauko wuƙa na ajiye a gabansa. Na ce, "Ga wuƙa, ga rago. Amma mai ragon cewa ya yi sai ka ci. Je ka nemo shi ya janye maganarsa."

Ya daɗe yana kallon ragon, rago yana kallon sa. Ya tashi ya tafi. Washegari aka gan shi a ƙofar Ammatullahi, yarinyar da shi ya koya wa riƙe kalkuleta, yana roƙon ta koya masa haraji daga shafin farko. Ta sa shi ya yi ta amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa, in ya yi kuskure ta ce sake, shi kuma dattijo da furfurarsa ya ce to, Malama. Ɗalibai, ku riƙe wannan: girman kai rawanin tsiya ne, ba ya shiga ɗakin jarrabawa ya fito da satifiket.

Ga shi ya ci, kujerarsa tana nan. Yau da safe ya zo gidana, ya kwantar da Haraji, ya yi bisimilla ya yanka da hannunsa. Ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido, alhali ba mu hura wuta ba tukuna. Cinyar farko mun ware ta domin Ladi, matar Pindar, ga ta nan zaune a gaba. Ladi, mijinki ya yi magana, kuma yau ta cika.

Sauran jama'a, ina gargaɗin ku, naman nan ya tsufa. Tun hantsi yake kan wuta yana gardama. Wanda haƙorinsa ya girgiza kada ya zo wurina, ya nemi Ya Ba'ana. Ku tauna da haƙuri, yadda shi ma ya tauna haraji.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a tun ragonsu yana da taushi. Allah ya bayyana mana waɗanda suka fita ba su dawo ba, ya sanyaya zuciyar masu jiran su. Allah ya zaunar da Borno lafiya, ya mai da kowa gidansa kafin a rufe hanya.

Na gode.