Ranar da bijimina ya durƙushe ni

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Ishaku, manomi ne ni daga Geshame.

Ina da wani jan bijimin huɗa da na raina tun yana maraƙi. Farkon damina na je ɗaura masa karkiya, sai ya juyo ya soke ni da kai a ciki, ya haɗa ni da katangar garke. Na faɗi, ya durƙusa a kaina da gwiwoyinsa yana murza ni cikin ƙasa. Ina jin haƙarƙarina yana ƙara! Matata Hannatu ta fito da taɓarya tana dukansa a hanci tana kururuwa, har maƙwabcinmu Malam Jaɓɓo, Bafillace, ya jefa masa igiya a ƙafa ya kada shi.

Na miƙe, ko ɗigon jini babu a jikina. Na ce da su ba komai. Kafin la'asar cikina ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, zufa mai sanyi tana zuba, idona yana ganin duhu.

Gwaggona ta zo da kaskon turare ta ce, "Wannan ba sa ba ne, aljana doguwa ce ta buge ka. Ka bar addinin gidan ubanka, ga abin da ka samu."

Hannatu ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita za mu."

A asibitin Dutsi suka ce jini na zuba a ciki, amma ba su ga daga ina ba. Aka sa mini ƙarin ruwa, anbilans ta kwashe mu sai Yamai. Kowane rami a hanya kamar wuƙa.

Can aka kwantar da ni cikin sikanar, wata na'ura mai baki kamar rijiya. Aka yi mini allura, zafi ya bi jikina har tafin ƙafa. Wata murya ta ce, "Riƙe numfashi." Ƴan'uwa, wane numfashi ya rage mini? A zuci na ce, "Yesu, kai ka san cikina. Nuna musu wurin!"

Ya nuna musu! Likita ya kira Hannatu gaban hoton, ya ɗora yatsa ya ce, "Madam, kin ga wannan farin da ya fita daga hanya? Jijiyar da ke kai jini ga hanji ce ta tsage. Yanzu za mu shiga da shi ɗakin tiyata."

Suka buɗe ni, suka ɗinke ta. Haleluya!

Gwaggo ta zo duba ni, ta daɗe tana kallon ɗinkin, ta ce, "Ɗana, wanda ka kira ya ji ka."

Na gode wa Ubangiji, na gode wa likitocin nan. Kai da ke zaune kana ɓoye ciwon da ba wanda ya gani, kada ka ce ba komai kamar ni. Ka tafi a duba ka, ka kira Yesu tun kana kan hanya. Amin.