Baƙaƙen Tabo a Jikina

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana na Zumuntar Mata, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu Ishaku, a unguwar Galtimari nake zaune.

Bayan haihuwata ta bara, jini ya daskare mini a ƙafar hagu. A asibiti aka ɗora ni a kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum. Kumburin ƙafa ya sauka, na fara takawa.

Sai tabo suka fara fito mini. In tashi da safe in ga wuri ya yi baƙi a cinya ko a dantse, ba faɗuwa, ba bugewa. In na goge haƙora sai jini. Wata a layinmu ta duba ta ce, "Wannan ai ba ciwon asibiti ba ne. Wa yake ba ki abinci?"

Maganar ta zauna mini. Akwai maƙwabciyata da ake kira Ya Falmata, dattijuwa, da take aiko mini da kunun tsamiya tun da na haihu. Na fara karɓa da murmushi ina zubarwa a kwata. In ta ɗauki jaririna sai in yi sauri in karɓe shi. Maigidana kuma asibitin yake zargi, yana cewa gwaji suke yi da ni, in daina shan ƙwayarsu.

Ranar da haɓo ya ɓalle mini ya ƙi tsayawa, na durƙusa da tsumma a hanci na ce, "Ubangiji, na gaji da zato. Ka nuna mini abin da yake cina." Ni da maigidana muka hau keke napep sai asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe ni, Sista Saratu, ta ɗaga hannun rigata, ta daɗe tana kallon tabon. Ta ce wa maigidana ya jira a waje, ta rufe ƙofa.

"Maman bebi, ki gaya mini gaskiya. Yana dukanki?"

Na ce bai taɓa ba. Ba ta nuna ta yarda ba. Ta ce, "To ban da maganinmu, me kike sha?"

"Babu."

"Ko na kemis? Ko na ƙarin jini?"

Na ce ai waɗannan ba magani ba ne. Akwai ƙwayoyin ganye da gwaggona ta sayo mini a Kasuwar Litinin don in yi ƙarfi. Sai kuma na ciwon jiki da nake saya in baya ya dame ni.

Ta aiki maigidana ya kwaso duka. Ta juya robar ganyen, ba a ma rubuta abin da ke ciki ba. Ta ɗaga na ciwon jikin ta ce, "Wannan da maganinmu ba sa haɗuwa. Jininki ya tsinke fiye da kima. Da a cikin kai ya ɓalle, da ba ma wannan hirar." Ta juya ga maigidana: "Da kuma ta daina namu, gudan jinin yana iya tafiya huhu."

Aka yi gwaji, likita ya kwantar da ni, aka gyara yawan maganin. Cikin 'yan makonni fatata ta washe.

A gadon asibiti Ya Falmata ta same ni da kwanon kunu. Na shanye a gabanta ina hawaye. Ta ce, "Ciwo ne, 'yata?" Na ce a'a.

'Yan'uwa, na roƙi Allah ya nuna mini maƙiyi, sai ya nuna mini abin da nake haɗiya da hannuna ina godiya. Duk abin da kuke sha, ganye ne ko na kemis, ku faɗa wa nas kafin ku haɗa. Ku dogara ga Ubangiji, yana amsawa ko ta bakin mai tambayar da ba ku so. Yau ga ni tsaye a kan ƙafafuna biyu, da ɗana a baya. Ku taya ni yi masa godiya. Amin.