Jan Fensir a Shafin Tsakiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan zama, da mai mujalla wanda ya tara mu a ɗakin nan, edita da ma'aikatansa, dattawan mawaƙa da makaɗa da suka cika sahun gaba, wasu har da sanda, Mama, matar marigayi, da 'ya'yansa uku da ƙannensa, mutanen maɗaba'a, masu sayar da jarida da suka rufe teburansu suka zo, 'yan uwa maza da mata. Ina gaishe ku, kowa bisa girmansa. In na tsallake wani ba raini ba ne. Sau huɗu na rubuta jerin nan, har yanzu ban tabbata daidai yake ba.

Ni ne wanda marigayi yake kira Akawu. Shekara goma sha tara teburina yana hagu da nasa. Duba kurakuran rubutu aka ɗauke ni yi, daga baya aka fara ce mini mataimakinsa, ko da yake ban taɓa ganin takardar da ta ce haka ba. Edita ya ce ni zan yi magana yau don na fi kowa zama kusa da shi. Na ce ban tabbata zaman ya amfane ni ba. Ya ce in dai yi.

Akwai kuma wata magana a wuyana. Kwana tara da rasuwar, mai mujalla ya kira ni ya ce, “Akawu, teburin nan ba zai zauna haka ba. In za ka riƙe shi, mu ci gaba da bugawa a takarda. In ba za ka iya ba, ba ni da wani, sai mu koma waya kamar kowa. Ka ba ni amsa ranar taro.” Ranka ya daɗe, yau ce ranar, kuma zan ba ka amsar kafin in zauna. Amma bari in fara da mai teburin.

Yawancin masu karanta mu ba su san da shi ba. Sun san mawaƙin da ke bango, wani lokaci sun san marubucin. Amma wanda yake yanke inda hoto zai zauna, da girmansa, da inda kanu zai tsaya, da launin da zai kwanta bayan fuska, sunansa yana can ƙasan shafi na biyu, da haruffa mafi ƙanƙanta a duk mujallar. Shi ya zaɓi girmansu. Mu a ofis Malam Matsa muke ce masa, don ba ka taɓa nuna masa shafi bai ce “matsa shi kaɗan” ba. Ko kofin shayi ka ajiye masa sai ka ji ta.

Ya kasance ba ya taɓa shafin mawaƙi sai ya saurari waƙarsa sau uku: na farko ido a rufe, na biyu yana karanta labarin, na uku a tsaye bakin taga. Sannan ya faɗi launi. Ni mai rubuta komai ne tun ina sakandare, don haka na buɗe littafi na musamman domin maganganunsa. Wata rana ya ce ruwan ƙasa. Na ce, “Malam, don me ruwan ƙasa?” Ya ce, “Ba ka ji gangar ba?” Na ce na ji. Ya ce, “To me kake tambaya?” Na rubuta: ganga mai nauyi, ruwan ƙasa. Bayan wata biyu aka kawo wata waƙa mai ganga mai nauyi, ya ce kore. Na buɗe littafi na nuna masa. Ya ce, “Akawu, waccan gangar kuka take yi. Wannan yunwa take ji.” Ita ma na rubuta.

Ya kasance yana ɗaukar shafin tsakiya kamar ɗakin baƙi. Shafi biyu ne masu fuskantar juna, a tsakaninsu akwai lanƙwasar da ake ɗinke mujalla da waya, wadda muke kira kwari. Fuska ba ta faɗawa kwari. Idon mawaƙi cikin shafi yake kallo, wajen rubutu, don in ya kalli waje mai karatu zai bi shi su fita tare. Kanu ba ya hawa bakin mawaƙi. Launi biyu da baƙi sun isa, na uku hayaniya ne. Farin rubutu a kan baƙi ba ya ƙanƙancewa, don tawada za ta cinye shi, kuma rabin masu karanta mu da tabarau suke karatu. In ya gama, sai ya manna bugun gwaji a bango, ya taka zuwa ƙofa kamar zai fita, ya juyo farat ɗaya. Yakan ce mai wucewa daƙiƙa biyu yake ba ka, in ba ka tsayar da shi ba ya tafi.

Ya kasance ba ya yanke hannun makaɗi daga hoto. Edita na nan, shi ne shaida. Sai ya zo ya ce, “Malam, rubutun ba zai shiga ba. Cire mai jitar nan, ai ba shi ne labarin ba.” Malam ba ya ko ɗago kai. “Cire sakin layi biyu na ƙarshe. Ba wanda ya taɓa kaiwa can, har kai.” Sun yi wannan faɗan sau ɗari da goma sha huɗu a gabana. Edita ya ci takwas.

Amma babban abin da ya yi mana, mu duka da ke ɗakin nan, shi ne fuskokinmu. Takardarmu ba mai tsada ba ce, tana shan tawada. Kafin zuwansa, baƙin mutum in an buga shi a launi sai ya fito kamar an goga gawayi, ido biyu da haƙora. Mun saba har mun ɗauka haka muke. Shi ya ƙi sabawa. Duk ranar bugu yana maɗaba'a, tsaye a kan mai inji, yana ɗaga takarda wajen haske. “Rage baƙi. Ƙara ja, ɗis. Ina kumatunta? Matar nan tana da kumatu, da idona na gan su.” Mai inji ya ce, “Malam, ni fa inji nake tuƙawa, ba man shafawa nake sayarwa ba.” Malam ya ce, “Tuƙa a hankali to, kana take mutane.” Haka suke har kumatu su fito. Mawaƙa nawa ne a sahun nan suka fara ganin fuskarsu yadda take a shafinsa? Gidaje nawa ne suka cire wayar, suka sa shafin a gilashi? In makaɗi ya rasu, iyalinsa wurinmu suke zuwa neman hoton da ya yi kama da shi.

Ciwo ya kwantar da shi wata biyar. A cikinsu fitowa uku na yi ni kaɗai, da littattafaina goma sha ɗaya a buɗe a kan tebur. Biyu na farko sun wuce ba wanda ya ce komai. Na uku shi ne na Gwaggo, ga ta can a sahun gaba, cikarta shekara hamsin tana waƙa. Na saurari waƙar sau uku. Fuska ba ta faɗa kwari ba. Ido yana kallon ciki. Launi biyu da baƙi. Na tsaya a kan mai inji har kumatu suka fito. Na bi dokokin ɗaya bayan ɗaya ina sa musu alama.

Kwana biyu da fitowa ta shigo ofis da mujallar a nannaɗe a hannu. Ta ce, “Wa ya yi wannan?” Na ce, “Ni ne, Gwaggo.” Ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ba abin da ka ɓata, ɗana. Hancina ne, ɗankwalina ne. Amma matar nan ba waƙa take yi ba. Layin asibiti take bi.” Duk ofis aka yi dariya, har ita. Sai ta ce, “Yaushe Matsa zai dawo?” Gwaggo, ban kawo wannan don in ba ki kunya ba. Ke kaɗai kika gaya mini gaskiya, na gode.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da na je duba shi, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, “Ina mujalla?” Wannan karon na ce ba ta fito ba, inji ya lalace. Mako na biyu na ce takarda ce ba ta iso ba. Mako na uku na ce mai inji ne ba shi da lafiya. Mai inji, ka yafe mini, ranar lafiyarka ƙalau. Malam ya dube ni ya ce, “To, Allah Ya kawo ta.” Ranar Talata ke nan. Da safiyar Juma'a ya cika.

Bayan an watse daga jana'iza, Mama ta kira ni ta miƙo mini ambulan. Fitowar ce. Ashe shekara ashirin da shida ba ya kai mujallar da ake ba shi a ofis gida. Mama yake aikawa ta sayo a kan titi, don yana so ya ga wadda mai saye yake samu, wadda rana ta doka, aka jera ta tsakanin sauran. Ni da na rubuta yawan sukarin da yake sa wa shayi, ban san wannan ba. Ranar da ta fito Mama ta sayo ta a ƙofar asibiti. Duk makonni ukun da nake zaune ina zuba masa ƙarya, tana ƙarƙashin filonsa. Mama ta ce, “Cewa ya yi kar in gaya maka sai ya gama. Ya ce in Akawu ya ji yanzu, abinci zai daina ci.”

Ya bi shafin Gwaggo da jan fensir, kaɗan-kaɗan, duk ranar da hannu ya yarda. Na ƙirga, alama arba'in da ɗaya. Goma sha biyu na gane: matsa nan, rage can, ɗaga kanu. Sauran ashirin da tara ban gane ba. Kibiya ce ta tashi daga kafaɗarta ba ta sauka ko'ina ba. Da'ira ce ta kewaye wurin da babu komai. Kalma ɗaya ce a gefe wadda ni, da Mama, da babbar 'yarsa muka kasa karantawa. Ban san wanne umarni ne ba, wanne kuma rawar hannu ce. Shekara goma sha tara ina jiran ya zauna ya nuna mini dalla-dalla, da ya yi kuma, ba ya nan balle in ce “Malam, wannan fa?”

Sau shida na sake shafin bisa alamomin. Kowanne na manna a bango, na taka zuwa ƙofa, na juyo. Gwaggo tana nan a layi. Na shida na bar shi a bango kwana huɗu. Kowa a ofis ya wuce ta gabansa. Ba wanda ya tsaya.

Mama, ki yafe mini ƙaryar da na yi a ɗakin da kike jinya. Kin ji ta sau uku, kika ci gaba da zuba mini ruwa. Ban san yadda ake biyan wannan ba. Ku kuma ƙannena, 'ya'yansa: babbarku ta tambaye ni wai ainihin me Baba yake yi a wurin aiki, tunda ba shi ke rubutu ba, ba shi ke ɗaukar hoto ba. Ga inda amsar take. Kundin fitowar duka yana gidanku, a akwatin ƙarfe. Ku ɗaga shi daga ƙasa saboda danshi. Ku buɗe tsakiyar kowacce, ku lura da inda idonku ya fara sauka da inda ya tafi daga nan. Babanku ne yake jan ku. Ba zan ce muku aikinsa zai ɗore ba, don ban ga ta inda zai ɗore ba. Takarda ce, za ta yi ja, ta karye a kwari.

Ranka ya daɗe, ga amsata. Ba zan iya ba.

Na san abin da amsar nan take nufi. Na raba shafi gida biyu, na rubuta riba da hasara, na kwana uku ina duba shi da safe. Na san mai inji zai rasa ranar bugu guda a wata, na san masu tebur za su rasa abin da suke sawa a gaba. Na san a waya babu shafi biyu masu fuskantar juna, siririn layi ɗaya ne, fuska ta bayyana, babban yatsa ya ture ta sama. Matasan da suka iya wannan ba su yi laifi ba, abin da suka tarar ke nan. Kuma na san zan iya ba ka shafuka masu tsabta har shekara goma, ba kuskure ko ɗaya, ba za ka taɓa kirana ofis ba. Amma duk wata zan jera wani mawaƙi a layi, masu karatu su ɗauka waƙar ce ta mutu. Gara a rufe tun suna tuna yadda take. In akwai wanda yake ganin zai iya a ɗakin nan, littattafan suna aljihun tebur na ƙasa, ba a kulle ba. Sai dai in gaya masa tun yanzu, na duba, abin ba ya ciki.

Muna godiya ga shugaban zama, da mai mujalla da ya haƙura da jira, da likitoci da masu jinya, da maƙwabtan da suka tsaya wa Mama, da duk wanda ya baro sana'arsa ya zo.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya karɓi aikin hannunsa. Allah Ya ba Mama da yara haƙuri, Ya tsaya musu. Waɗanda abincinsu zai ragu saboda amsar da na bayar yau, Allah Ya buɗa musu wata ƙofa, su kuma su yafe mini in za su iya. Mu da aka ajiye mu kusa da alheri shekara da shekaru, muka gani, muka rubuta, muka kasa ɗauka, Allah Ka san iyakar abin da Ka ba kowa. Kada Ka tambaye mu abin da ya fi shi.

Amin. Na gode.