Nisan Legon Daga Salaga

A tashar Salaga, ana jiran motar Tamale ta cika, wani dattijo ya miƙa wa mutumin da ke gefensa takarda.

"Malam, taimaka ka duba min. Takardar neman jami'a ce ta ɗana Jibirilu, ya ba ni in kai gidan waya. Wacce ya zaɓa?"

"Sabuwar nan ta Tamale, Baba."

"Ba Legon ba, ta can babban birni? Shekara biyu ba shi da zance sai Legon."

"Ya rubuta ta, sai ya soke."

Dattijon ya daɗe yana tari.

"In mutum ya rasu da safe a garin nan, wanda ke Legon zai samu jana'iza?"

"Da wuya. Kafin saƙo ya je, ya iso Yeji ya jira jirgin ruwa, an riga an rufe."

"Na Tamale fa?"

"Shi kam zai samu."

"Ashe tunanin da yaron ya yi ke nan. Sai da na hana uwarsa gaya masa maganar likita."

"To yanzu fa, Baba?"

"In kana da biro, mayar masa da Legon. Salaga ba ta rasa masu ɗaukar makara ba."