Ladabin da Ya Kusa Fitar da Ni daga Aji

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rahila. Wasunku sun san ni tun ina zama a bencin baya kaina a sunkuye, kuna cewa yarinyar nan akwai ladabi. Yau zan gaya muku abin da ladabin nan ya so ya jawo mini.

Ina da shekara goma sha biyar na tsallako teku na zo garin nan na Largo daga Kafanchan. Mama ta riga ni zuwa, tana aikin jinya a asibiti. Baba yana gida, takardunsa ba su fito ba.

A wajen aiki Mama ta ji cewa a sakandaren ƙasar nan akwai wasu azuzuwa masu wuya, waɗanda idan yaro ya ci jarrabawarsu a watan Mayu, jami'a za ta ɗauka ya riga ya yi kwas ɗin. Kun san Mama, ba a faɗa mata irin wannan sau biyu. Ta sa aka rubuta sunana a guda uku.

Karatun bai gagare ni ba. Ranar farko dai malamar labarin ƙasa ta shigo, na miƙe tsaye yadda muka saba a gida, ni kaɗai a aji. Aka kwashe da dariya. Na zauna, na kulle bakina daga ranar.

A ajin nan kewaye ake zama, yara su yi ta musu da malama suna kallon tsabar idonta. A wajena wannan rashin kunya ce tsagwaronta. Ashe a kan maganar ake ba da maki. Ni ina can ina ladabi, ana rubuta mini sifiri.

Kaɗaici ya ci ni, 'yan'uwa. Abincin rana a matakalar bayan laburare nake ci, don kada a tambaye ni mene ne ke ƙamshi. In na dawo gida, takardar Mama ce a jikin firji take gaishe ni. Sai in yi kwana uku ban ji muryata ba. In Baba ya buga waya ya ce yaya karatu, in ce lafiya lau.

A watan Disamba malamar ta tsayar da ni, ta miƙo mini takarda. Ta ce, "Rahila, rubutunki ya fi na kowa, amma wata uku ban san muryarki ba. Ki kai wa mamanki ta sa hannu, a mayar da ke ajin kowa da kowa." Ina kallon ƙasa don girmamawa, ita kuwa ta ɗauka ko a jikina.

Sati guda takardar tana ƙasan jakata. Da wane ido zan kalli Mama?

Ranar da zan mayar da ita, na zauna a matakalar nan da dafa-dukata mai sanyi, na ce, "Ubangiji Yesu, ka san ba taurin kai ba ne. Ka kawo ni inda shiru laifi ne. Ka ba ni baki, ko na magana ɗaya." Ban ji wata murya ba. Na share hawaye, na tafi aji.

Darasin ranar a kan noma ne. Wani yaro ya ce masu shuka iri-iri a gona ɗaya ba su iya noma ba ne. Sai na tuna kakata. Kafin in ankara hannuna yana sama, kuma na sake miƙewa tsaye, don hali ne. Na ce kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma dawa da wake take haɗawa, waken ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, in ɗaya ya ƙi yi ɗayan ya ciyar da gida. Malama ta jero mini tambayoyi, na amsa ina kallon goshinta, don ido ya fi ƙarfina. Da aka tashi ta karɓi takardar, ta jefa a kwandon shara. Halleluya!

Ranar Asabar na kwashe labarin duka na gaya wa Mama. Ta ce, "Ke, musu kika yi a gaban malama?" Can ta ce, "To da wa kike cin abincin rana?"

Na ce, "Ni kaɗai, Mama."

Ta juya ta kalli bango. Ta ce, "Ni ma a cikin mota nake cin nawa."

A watan Mayu na ci jarrabawar ukun, jami'a ta karɓa, na gode wa Allah. Amma abin da na fi gode masa shi ne Asabar ɗin nan, da muka zauna muka ci tuwo a kwano ɗaya.

Iyaye, ku dogara ga Ubangiji, yana jin addu'ar da aka yi a matakala. In kun koma gida yau, kafin ku tambayi yaranku maki, ku tambaye su da wa suke cin abinci. Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.