A Mayar wa Rufa'i Garmarsa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, shugaban wannan zama. Allah gafarta Malam Liman. Sarkin Noma, uban masu garma. Malamin asibitinmu na Tudun Wada. Dattawa da samari, da iyayenmu mata da ke saurare ta bayan danga, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Na gode da aka bar ni, Dikko makaɗi, yau in yi magana da baki, ba da ganga ba.

Magana ta farko, laifina. Shekara tara ina yi wa Rufa'i gangar noma a wurin gayya, ni na sa masa suna Sha-gaba-ba-ka-waiwaye. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, samari suka fara kamo shi, ban sassauta ba, ƙara matsa masa na yi. Shekarar zuwan Sarauniyar Turawa ya tafi cin rani wurin haƙar kuza a Riruwai, ya dawo da wasu fararen ƙwayoyi a ƙullin tsumma, wai maganin gajiya. Ba ya yunwa, ba ya barci, ba ya hutawa. A wurin gayya mata na guɗa, ni ina kiɗa! Wallahi na ga yana cizon haƙora, na ga idonsa ya faɗa, na ce himma ce.

Ta biyu, kowa ya san ta. A gayyar gonar Mamman ya bi kunyoyi a guje, ya sare dawa tare da ciyawa. Da Mamman ya yi masa magana, sai ya ɗaga masa garma. Sarkin Noma ya ƙwace garmar, ya hana shi shiga gayya. Ban ce an zalunce shi ba.

Ta uku ita ce wadda ba ku gani ba. Kwana arba'in ya yi a zauren Liman yana yaƙin rabuwa da ƙwayar, matarsa Asma'u na kai kunu yana turewa, tana sake damawa, malamin asibiti na tako keke duk Laraba. Ya yi kuka, ya yi zagi, ya koma wa ƙwayar sau ɗaya, kuma da bakinsa ya faɗa, ba kama shi aka yi ba. Yau wata takwas rabonsa da ita.

Shekaranjiya da hantsi na iske shi durƙushe a gonarsa yana cire ciyawa da hannu, domin ya ce ba zai ari garmar kowa ba sai Sarkin Noma ya yarda. Ya share gumi ya ce, "Dikko, na gaji. Ka san daɗin gajiya kuwa? Shekara biyu ban ji ta ba." Jama'a, ni da ba na rasa ta cewa, hawaye na yi.

Saboda haka nake roƙo, Sarkin Noma, don Allah, gobe akwai gayya, a mayar masa da garmarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba zai zo na fari ba, wataƙila shi ne na ƙarshe. To, ni ma gobe ba zan tsaya a gaba ba. A bayan sahu za ku gan ni da gangata, kusa da shi, ina buga masa a hankali har ya kai bakin gona.

Allah ya ja zamanin Dagaci, Allah ya saka wa Asma'u, Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu gajiyar halal da barci mai daɗi. Na gode.