Albarkar Da Na Ce Wa Mai Kulob a Tailan

Na rasa rumfata ta kasuwar Marché Dakar a nan Douala, na rasa firijin da mijina marigayi Alhaji ya bar mini. Abin da na samo kuma, ɗana Bashiru da aikinsa a hannu, da sunansa a bakin mutanen wata ƙasa. Ke Ummi, ajiye wayar nan ki matso.

Rumfar da firijin su ne kuɗin jirgina. Lokacin Bashiru yana shekararsa ta biyu yana buga baya a wani kulob na babban rukunin ƙwallon Tailan. Ya kira ni ta bidiyo, na ga wuya kamar na zalɓe. Ya ce, "Inna, mutanen nan har a miya sukari suke sawa." Na ce to, ban haife ka don ka ƙare a kan sukari ba. Na ƙulla daddawa da kuka da yaji, na hau.

Ku da kuke kukan cunkoson motocin mahaɗar Ndokoti, ku je Bankok ku nemi gafarar Ndokoti. Mu ma ba can muka zauna ba, wani gari ne can ciki, gonakin shinkafa ko ta ina. Gaisuwarsu a haɗa tafi a ce sawadika. Godiyarsu kuwa, ni dai kofin kunu nake ji, shi nake faɗa, suna ta murna.

Mai gidan hayarmu wata tsohuwa ce, Inna Noi. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka ta zo ta toshe hanci tana surutu. Bashiru ya fassara mini ya ce, "Wai me ya mutu a ɗakin?"

Na ce, "Tambaye ta ruɓaɓɓen kifin da take ajiyewa a tulu, shi yaushe za a yi jana'izarsa?"

"Inna, ba zan faɗa ba."

"Faɗa mata!"

Ya faɗa. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Daga ranar muka ƙulla, ita ce ma ta kai ni wurin wani mahauci Musulmi.

Wata biyu Bashiru ya murje. Kakar wasa ta yi nisa, mai kulob ya kira shi kan sabon kwantiragi, don na hannunsa yana ƙarewa da ƙarewar kaka. Na ce ƙafata ƙafarka. Wani dattijo ne mai injinan casar shinkafa, murya ƙasa-ƙasa, murmushi ba ya barin fuskarsa. Ya faɗi albashi: daidai da na bara.

Ku kun sani, a kasuwarmu in mai kaya ya ce albarka ya fara naɗe kayansa, mai saye ƙari yake. Na buga tebur a gaban yaransa na ce, "Albarka! Ninki biyu ko a bari." Na ja hannun Bashiru muka miƙe. Ina tafe a hankali, ina gyara mayafi, kunnena na baya ina jiran a ce dawo Hajiya. Muka kai ƙofa, shiru. Muka sauka bene, shiru. Na tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ko tari ba a yi ba.

Asabar ta zo, aka ajiye Bashiru a benci, aka sa wani dogon ɗan Barazil a wurinsa. Wata Asabar ma haka. Ya dawo gida ya ƙi cin tuwo.

"Inna, kin ɗauka tumatir kike sayarwa? Gurbin baƙi kaɗan ne a kulob. In kaka ta ƙare ina benci, wa zai ɗauke ni? Acaɓar bensikin zan koma ja a unguwarmu New Bell?"

"Ubanka bai taɓa sayar da kaya a tayin farko ba."

"To je ki ba shi haƙuri."

"Ni? In na koma da ƙafata, rabin na bara zai ba ka."

Inna Noi ce ta warware mini. Da hannu da ido da ɗan abin da Bashiru ya fassara, ta ce a garinsu ba a ɗaga wa babba murya a gaban yaransa. Na zubar masa da mutunci, in ya kira ni ya ƙara zubar da shi. Na ce to, ashe ciniki bai mutu ba, hanyar ce ban sani ba.

Sai ta matsa mini gefe a teburinta na bakin filin wasa, na kafa tukubar tsire. Duk ranar wasa in naɗe mafi laushi a ganyen ayaba, in tare dattijon a ƙofa, in haɗa tafi, in miƙa masa. Ban taɓa ce masa kwantiragi ba, bai taɓa ce mini ba. Magoya baya kuwa suka gano yaji. Su masu cin barkono ne kamar ba gobe, suna hawaye suna cewa Mama Basiru ƙaro.

Kulob kuma sai gangara yake. Ukun ƙarshe ake korawa ƙaramin rukuni, mu muna dab da su. Ɗan Barazil ya sha jan kati ana saura wasanni kaɗan kaka ta ƙare, dole aka ɗauko Bashiru. Wasan ƙarshe, canjaras kawai muke nema mu tsira. Na bar wa Inna Noi tsire na shiga. Ana ruwa irin na Douala, ganguna na tashi. Aka fasa wa Bashiru gira, aka naɗe kan da bandeji, ya koma. Dab da tashi golanmu ya fita ya bar raga, ƙwallo ta nufi ciki, sai ga farin bandejin nan ya tashi ya fitar da ita. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Filin nan kaf ya ɗauka: Ba-si-ru! Ba-si-ru!

Ina kwashe tukuba sai mutane suka dare. Dattijon ne, da lema, da ƙafarsa, cikin taɓo har gaban teburina. Ya haɗa tafi. Ya faɗi albashi, Bashiru ya fassara: na bara ne dai, ko bat ɗaya, kuɗinsu ke nan, bai ƙara ba. Yaron nan yana taka mini ƙafa.

Na yi ƙasa da murya yadda Inna Noi ta koya mini, na ce, "Gaya masa a garinmu ba a rufe ciniki sai da gyara."

Ya tambayi mene ne gyara. Na ɗauki tsinken tsire ɗaya na ɗora a kan ƙunshinsa. Ya dube shi, ya yi dariya.

Kuna ta tambayata nawa na sayar. Albashin bara, shekara biyu maimakon ɗaya, da tikitin zuwa New Bell duk ƙarshen kaka ya zo ya gaida kabarin ubansa. Kuma mai saye ne ya tako. A nan na ce na sallama.